Fita da asuba, dawowa da nama kafin hantsi: bindiga ce ko sanin daji?

Dan_Sumaila:
Assalamu alaikum 'yan uwa maharba. Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a majalisu, na ce bari in kawo ta nan. Samari na cewa duk wanda ya riƙe bindiga mai dogon zango, irin mai madubin saiti a kai, shi ne zai fita bayan sallar asuba ya dawo da gada ko barewa kafin hantsi. Dattawa kuma na cewa bindiga ce abu na ƙarshe, wanda bai san daji ba ko wace iri ya riƙe iska zai harba. To masana, a warware mana dalla-dalla. Daga barin gida har a kai nama gida, me ake yi, kuma a ina abin ke lalacewa?

Baban_Maharba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, safiyar farauta tun la'asar ɗin jiya ake haɗa ta. Ana zuwa da sauran rana a nemo inda dabba ke ci, inda take kwanciya, da hanyar da ke tsakani. Gada ba ta yawon nesa. Tana da unguwarta, in ba a tsorata ta ba hanya ɗaya za ta yi ta bi. Bayan kaka za ka ga alamarta a gefen gonar wake ko gyaɗa da aka tashi, ko gindin kanya da magarya da aduwa, ko ƙarƙashin gawo in 'ya'yansa sun fara zuba. Da dare da sassafe take kiwo, gari na wayewa sai ta kama hanyar komawa cikin sabara ko geza ta kwanta. Wannan komawar ce rabonka.

A hunturu ana asuba wajen biyar da rabi, rana ta fito bakwai saura kwata ko kusa da haka. Ka kasance ka riga ka zauna a wurinka tun ba ka iya ganin zanen tafin hannunka ba. Daga nan zuwa takwas da rabi shi ne lokacin. In rana ta fara cizon ƙeya, tashi ka tafi gida, ba sauran abin jira.

Mai_Kan_Burtu:
Baba ya yi magana, sai dai in ɗora da iska, don ita ke kashe yawancin fita. Hancin gada da kunnenta sun fi idonta aiki. A hunturu iska daga gabas maso arewa take tasowa, saboda haka ka zauna ta yamma maso kudu da hanyar, iska na dukan fuskarka. Abin da ke rikita mutane shi ne da asuba iskar takan kwanta, sai sanyi ya riƙa gangarowa daga tudu zuwa kwari ɗauke da warin mutum. Wanda ya hau tudu yana leƙen fadama a wannan lokacin ya riga ya yi wa dabbar sallama. In rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama, sai abin ya juya, iska ta koma hawa. Shi ya sa ake ƙulla toka a tsumma mai laushi, jim kaɗan a kaɗa a ga inda ta nufa.

Babur a bar shi nesa, kamar kilomita ɗaya, a ƙarasa da ƙafa. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba sigari, kuma hannun da ya taɓa fetur a goge shi da ƙasa. Farar riga da shadda mai ƙara su zauna a gida. Tsohuwar riga ruwan ƙasa ta isa. Waya a kashe ta gaba ɗaya, ba a sa ta a girgiza ba.

Dan_Gwaram:
Mai_Kan_Burtu, in mutum ya fuskanci gabas ai rana ce za ta cika masa ido, balle mai madubi.

Mai_Kan_Burtu:
Yauwa, ka kawo magana. A watan Disamba da Janairu rana ba daga tsakiyar gabas take fitowa ba, ta karkata kudu. To ka fuskanci arewa. Rana za ta fito ta kafaɗarka ta dama, iska kuma ta zo ta gaba a karkace, warinka ya wuce ta baya. Ka jingina da kututture ko suri don kada kanka ya fito a sararin sama.

Malamin_Daji:
Kafin zance ya yi nisa, mai tambaya ya ambaci barewa. A bar barewa don Allah. Ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Kano da Jigawa, kuma IUCN, ƙungiyar kare namun daji da muhalli ta duniya, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Noma ya cinye filin da take kiwo, ragowar kuma an bi su da babura. Haka gwanki da kanki, yaran yanzu a suna kawai suka san su. Abin da ake iya magana a kai shi ne gada, ita ma namiji, kuma da izini.

Sannan akwai wuraren da ba a shiga da bindiga sam. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, gandu ne. Haka Baturiya a Kirikasamma. Duka biyun suna cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun ƙasa. Dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985 ta hana farautar dare, da farauta da mota ko babur, da sa wuta, da guba, da bindigar da ke sakin harsashi fiye da ɗaya a jan kunama ɗaya. Masu ɗaura fitila a goshi su ji da kyau.

Ita kanta bindigar, dokar makamai ta 1959 ta kasa su gida uku. Masu faɗin baki irin na soja, wato 7.62 da 9 na milimita da .300 da .303 na inci, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai kwanso, mai baki ɗaya ko biyu, da mai dogon zango wadda ba ta cikin waɗancan, lasisinsu na Sufeto Janar na 'yan sanda ne. Ta ɗuri, wadda ake cusa wa albarushi ta baki, ta Kwamishinan 'yan sanda na jiha ce. Takardar bindiga daban, izinin farauta daban.

Harba_Ruga:
Malamin_Daji kullum kai da doka. To mu nawa ne ma ke da irin wannan mai madubin? A ƙauyukanmu baushe ce da mai baki ɗaya. A yi mana maganar abin da ke hannunmu.

Malamin_Daji:
Za a yi, yayana. Amma wanda aka tare a hanya da bindiga ba takarda, ba zancen gada za a yi masa ba.

Saiti_243:
Zan amsa wa samarin da Dan_Sumaila ya ambata, don ni ma ina ganin amfanin mai dogon zango, amma ba yadda suke zato ba. Amfaninta shi ne harsashi ɗaya ne, kuma yana zuwa inda aka aika shi in an saita ta. In ba a saita ba, baushe ta fi ta.

Ga yadda ake saiti. A kafa kwali a mita 100, bayansa akwai tudun ƙasa. A zana ɗigo kamar faɗin kwalbar lemo. A kwanta, a ɗora gaban bindiga a kan buhun yashi. Katakon ake ɗorawa, ba bututun ba, don in bututu ya taɓa abu mai tauri harbi na tashi sama. A yi harbi uku ba gaggawa, a duba tsakiyar ukun, sannan a juya maɓallin madubi. A yawancin madubai kowane ƙas ɗaya yana matsar da harbi kamar milimita 7 a mita 100, wasu kuma santimita ɗaya, a rubuce yake a jikin murfin. A sake uku. In ukun ba su haɗu cikin tafin hannu ba, ko dai sukurorin madubi sun saki, ko an gauraya harsasai iri biyu, ko maharbin na fizgar kunama. Da wanda aka yi saiti da shi ake fita, ba a canza nauyin harsashi a ranar farauta.

Sai batun nisa. Harsashin mai dogon zango irin .243 na fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, amma in an saita a mita 100, kafin ya kai 200 ya sauka kamar santimita 10 ko fiye. Iskar hunturu in ta bugo ta gefe takan ture shi kusan haka. Wurin kisa a jikin gada bai wuce tafin hannu ba. Ku haɗa lissafin da kanku. A wurina duk abin da ya wuce mita 150 a kan gada caca ne. Kuma a dajinmu mai sabara da gamba, yaushe ma za ka hango gada a mita 200? Yawanci tsakanin 40 ne da 80.

Wani abu: kada a fita da bututu sharkaf da mai. Harbin farko daga bututu mai mai yakan kauce, kuma mai da ƙurar hunturu in sun haɗu sukan daskare a sakata. A zura busasshen ƙyalle da daddare.

Harba_Ruga:
Ai Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure 😄

Baban_Maharba:
Ba a wannan sana'ar ba, ɗana. Wanda ya kuskure, gadarsa na nan gobe. Wanda ya sami cinya ko ciki, ya ba dila da ungulu abinci, ya kuma ɗauki alhakin dabba.

Saiti_243:
Harba_Ruga, ga taka. Mai kwanso lamba 12 da harsashin AAA ko SG, wato masu manyan ƙwayoyi, tana kashe gada sarai, amma iyakarta taku 30 zuwa 35. Bayan nan ƙwayoyin sun watse sun rage ƙarfi, sai rauni. BB, mai ƙananan ƙwayoyi, na zabo ne da zomo. Kowa ya gwada tasa a kwali a taku 20, 30, 40, ya ƙirga ƙwayoyin da suka shiga da'ira mai faɗin taƙi ɗaya. Inda suka fara yin biyu ko ɗaya, ka wuce iyakarka. Kuma duk wadda ta kwana a rataye a ɗaki, a karya ta a leƙa bututu ta baya a ga haske. Zanzaro na son yin gidan laka a ciki, kuma bututun da ya toshe a fuska yake fashewa. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon gaba a ƙirga minti ɗaya kafin a taɓa komai. Albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkiri sannan ya tashi, masu ta ɗuri sun fi kowa shiga wannan.

Dan_Gwaram:
A zo kan sawu. Yaya ake raba na gada da na akuya? Ko'ina awaki ne.

Mai_Kan_Burtu:
Na gada siriri ne, tsawonsa kamar gaɓa biyu ta yatsa, kofaton biyu a manne suna ƙarewa da tsini. Na akuya ya fi faɗi, bakinsa a dakushe, tsakaninsa a buɗe, kuma ba ka ganinsa shi kaɗai, sai tarin sawu da na makiyayi a gefe. Gada ita kaɗai take tafiya, in ta yi yawa biyu. Sabon sawu gefensa da kaifi, ƙasar ciki ta fi ta waje duhu. In ka ga ƙwaro ko ɓera ya bi ta kai, na farkon dare ne. Kashi kuma a murje shi: in ciki da danshi bai wuce 'yan sa'o'i ba.

A saurari tsuntsaye ma. Zakaran ƙeƙuwa in ya ɗauki kuka a fadama, duk dajin ya san akwai mai tafiya. In fakara ta tashi a gabanka, tsaya cik na minti biyar kafin ka ɗaga ƙafa.

Ardo_Jr:
Tunda an ambaci awaki, bari makiyayi ya sa baki. Jar akuya a cikin duhun asuba, rabin jikinta a sabara, ba ta da maraba da gada a idon mai zumuɗi. Akuya ma da sauƙi, ana biya. Lokacin da kuke kwanto shi ne lokacin da mata ke fita itace, yara ke kora dabbobi. Don Allah wanda bai ga kai da ƙaho da ƙafafu ba kada ya harba. Motsin ganye ba dabba ba ne.

Saiti_243:
Gaskiya ne Ardo, kuma nan ne mai dogon zango ta fi haɗari. Harsashinta in ya wuce sama yana iya kai kilomita uku. Ko ƙaramar .22 tana wuce kilomita ɗaya da rabi. Yana ratsa gada ya fita ya ci gaba. Dole bayan dabbar a ga ƙasa, gaɓar kwari ko tudu. Dabbar da ta tsaya a kan tudu sama ce bayanta, a bar ta. Dutse da ruwa kuma suna karkatar da harsashi, a wuraren duwatsu irin Dutse da Birnin Kudu a kula.

Baban_Maharba:
Namijin gada shi ke da ƙaho, gajeru a miƙe, ba su fi yatsa ba, da tukkun gashi a tsakani. Macen ba ta da shi, kuma ta ɗan fi shi girma, to kada girma ya ruɗe ka. Cikinta wata shida zuwa bakwai ne, ɗa ɗaya take haifa, ta ɓoye shi a ciyawa. Ka kashe ta, biyu ka kashe.

In ya fito, kada ka ɗaga bindiga yana kallonka. Bari ya sunkuya ko kansa ya shiga bayan ganye. Ka ɗora a kan sanda mai gwafa. Jira ya ba ka gefe. Bi bayan ƙafar gaba da ido ka hau, kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Nan zuciya da huhu suke. In yana tafiya, ɗan fito a hankali yakan tsayar da shi daƙiƙa biyu ko uku. Saki rabin numfashi, yi bismilla, matsa kunama, kada ka fizga. Kai da wuya a bar wa masu fariya: kan gada ba ya zama wuri ɗaya, kuskuren yatsa biyu ya karya muƙamuƙi, dabba ta tafi ta mutu da yunwa.

Saiti_243:
Bayan harbi a sake ɗana bindiga nan take, ido na kan inda ya shiga. A riƙe bishiyar da ya tsaya kusa da ita, don in ka tashi wurin sai ya sauya maka kama. Jini na faɗin labari. Mai kumfa, ja mai haske, huhu ne, ba zai wuce taku 50 zuwa 100 ba. Ja mai duhu hanta ce. In ka ga ruwa kore da tsakin ciyawa da wari, tumbi ka samu. A wannan na ƙarshen a zauna a ba shi lokaci, aƙalla sa'a guda ko fiye. In an bar shi zai kwanta kusa jikinsa ya yi tsami. In an bi shi da zafi, zai tashi ya yi ta gudu, jinin ya ɗauke, shi ke nan.

Almajirin_Malam:
A nan fa akwai gyara ta fuskar addini, kuma ba ƙarami ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, in maharbi ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba har ya same shi a mace, ba a ci, sai in ya tabbata ko da ya bi ba zai riske shi da rai ba. Haka in wuƙarsa na hannun wani, ko tana can ƙasan jaka, har dabbar ta mutu yana laluben ta. Haka in ta kwana ba a gan ta ba. To zaman sa'a guda da gangan, kun ga inda matsalar take.

Sauran hukuncin kuwa: bismilla lokacin sakin harbi ake yi, ba lokacin da aka ga gawa ba. Wanda ya manta an yafe, wanda ya bari da gangan bai ci ba. In an riske ta da rai a yanka, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. In harsashin ya kashe ta nan take bayan ya huda ya zubar da jini, malaman Malikiyya na baya sun halatta. A hadisin Adiyyu bin Hatim kuma an hana cin wadda aka samu ta faɗa ruwa ta mutu, don ba a san ruwan ne ya kashe ta ko harbin ba. Masu farauta a bakin fadamun Haɗejiya su riƙe wannan.

Saiti_243:
Allah gafarta Malam, to ai jiran ba sakaci ba ne, dabara ce ta samun dabbar. In an bi da gaggawa ba za a same ta ba sam, ko a raye ko a mace.

Almajirin_Malam:
Na fahimce ka, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma in ka jira ka same ta ta mutu, alhali da ka matsa za ka iya samun ta da sauran rai, me za ka ce? Ni ba zan yanke ba, a kai wa manyan malamai da bayanin yadda abin yake a daji.

Mai_Kan_Burtu:
Maharban gargajiya ba sa zama kuma ba sa gudu. Ana tashi nan take a je wurin harbi, a duba jini, a bi da sanɗa, taku biyu a tsaya a duba gaba, bindiga a shirye, iska a fuska. Ana karya reshe a kan kowane ɗigon jini na ƙarshe. In jini ya ɓace a dawo kan alamar a zagaya. Ta haka ana riskar ta a kwance a ƙara mata ko a yanka. Kare mai horo a igiya ya fi komai a nan. Gargaɗi ɗaya: in mazo ne namiji, kada a tunkare shi ta gaba a cikin duhuwa. Mazo mai rauni yana kawo suka, kuma ƙahonsa na farka cinya.

Almajirin_Malam:
Wannan ya fi kwanta mini. Wuƙa dai a ƙugu.

Sarkin_Fawa_Jr:
Kowa na ta harbi, ba wanda ya ce komai kan nama, alhali nan ake asarar rabin wahala. Da an yanka, a juya kai gangare jini ya tsiyaye. Kada a wuce rabin sa'a ba a fitar da kayan ciki ba, don zafin tumbi shi ke fara ɓata nama daga ciki. A kwantar da ita rigingine, a tsaga fata daga ƙasan ƙirji zuwa mara, kaifin wuƙa na kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashi suna danne tumbi. A zagaye dubura a ɗaure ta da zare, a lura da mafitsara. A yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, a kamo maƙogwaro a jawo, duk su fito tare. In tumbi ya fashe a goge da busasshiyar ciyawa ko ƙyalle mai tsabta, a yanke inda ya ɓaci. Kada a wanke da ruwan kududdufi.

A sa ɗan itace a buɗe haƙarƙari iska ta shiga, a rataye a inuwa. Fata a bar ta a jiki har gida, ita ce rigar naman daga ƙura da ƙuda. Babban kuskure shi ne cusa ta da ɗuminta a leda ko buhun taki a ɗaure a bayan babur kusa da salansa. Kafin a iso gida ta fara kore a mara. Buhun algarara ko tsohon zani ya fi. Gada mai kilo 15 za ta ba da gawa kamar kilo 8, in an cire kai da fata da ciki da ƙafafu.

Inna_Mai_Banda:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Ku kuna kawowa, mu ke san yadda za a yi da shi. Naman gada ba kitse, in an sa masa wuta mai ƙarfi sai ya zama igiya. Gadon baya da cinya su ne na suya ko kilishi, a yanka a kan tsallaken zaren naman. Wuya da haƙarƙari da ƙafar gaba na farfesu ne, wuta kaɗan-kaɗan, da citta da kanumfari da masoro. In za a ajiye, a tsaga shi kaurin yatsa biyu, a shafa gishiri, a yi banda a kan garwashi da hayaƙi, ba harshen wuta ba, ana juyawa, yini guda, washegari a maimaita. Wanda aka ƙyafe waje ciki ɗanye, kwana uku ya yi tsutsa. Kuma don Allah ku riƙa cire ƙwayoyin dalma, haƙoran mutane na karyewa.

Likitan_Dabbobi_JG:
Inna, abin ya ma wuce haƙori. Dalma guba ce, kuma yara ƙanana da masu ciki ta fi yi wa illa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ne. Harsashi mai gudu yana farfashewa a cikin nama, ƙananan da ido ba ya gani. A yanke duk inda jini ya kwanta a kewayen ramin, a ƙara faɗin yatsu huɗu, a binne, kada a ba kare ko kaji. Wannan ma dalili ne na harbin bayan kafaɗa: haƙarƙari kaɗai ake asara, ba allon kafaɗa biyu ba. Mai ciwo a hannu ya sa safar roba kafin fiɗa. Dabbar da aka tsinta a mace, ko aka ga jini baƙi na fita ta hanci da dubura, kada ma a farka ta.

Dan_Bunkure:
Ƙari kan maganar Malamin_Daji. Bayan kisan da aka yi wa mafarautanmu 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, Allah ya jiƙansu, duk mai tafiya da bindiga ya riƙe takardunsa da katin ƙungiya, bindiga ba harsashi a ciki, a naɗe. In baƙon wuri ne a fara gaida dagaci da sarkin baka.

Baban_Maharba:
Amin ya Allah. Kuma mai gona ma a nemi izininsa, a ba shi ƙafa ɗaya in an samu. Haka aka gada.

Dan_Sumaila:
Amin. Na gode iyaye da yayye. To in na fahimta, samarin sun faɗi ke nan?

Saiti_243:
Ba gaba ɗaya ba. A ba mutum biyu da suka san daji daidai, ɗaya da mai kwanso ɗaya da mai dogon zango da aka saita, na biyun zai fi dawowa da nama, don gadar da ta tsaya a taku 70 tasa ce shi kaɗai. Kuma zai fi barin ƙarancin masu rauni a daji.

Mai_Kan_Burtu:
Ni kuma na ce wanda ya iya zama ba zai bar ta ta tsaya a taku 70 ba, zai sa kansa inda za ta wuce a 25.

Harba_Ruga:
Kuɗin madubin kaɗai ai ya sayi raguna. Ni ina nan da baushena.

Dan_Gwaram:
Likita, tambaya ta ƙarshe. In an ga fararen ɗigo a hanta fa, duk naman ne ya tashi?

Likitan_Dabbobi_JG:
Ya danganta. In ɗigo ne kaɗan ko 'yan ƙulluttai masu ruwa a hanta kawai, sauran jiki lafiya, dabbar da ƙiba, a yar da hantar a binne, a dafa naman ya nuna sosai. Kada a jefa wa kare, ta nan tsutsar ke zagayowa. In kuwa akwai ƙurji mai mugunya a huhu, ko huhun ya manne da haƙarƙari, ko kaluluwar wuya da ta hammata sun kumbura, ga dabbar a rame, a haƙura da ita duka. A ɗauki hoto a kai ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma su gani.